SHAN ƘWAYA DA HAƊARIN MUTUM YA HALAKA KANSA

Wannan lacca ce da aka shirya domin 'yan ajin yaƙi da jahilci na ƙasar Funtuwa da Malumfashi. Ana roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.



Laccar yau a kan wata magana ce mai nauyi, wadda mutane ba su son faɗi a fili. Maganar ita ce shan ƙwaya, da yadda yake kai mutum ga tunanin kashe kansa. Ɓoye ta bai hana ta faruwa ba. Saboda haka gara a yi ta, kowa ya san abin da zai yi idan ta zo gidansa.

Ƙasar nan ƙasar noma ce. Daga Funtuwa zuwa Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Malumfashi, har Ɗandume, Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, ana noma masara, dawa, auduga, waken suya, shinkafa da tumatir. Aikin nan na ƙarfi ne, kuma matasa ke yin mafi yawansa. A cikin gonakin nan ne ƙwaya ta sami ƙofar shiga gidaje da yawa.

YADDA ABIN YAKE FARAWA

Babu wanda yake tashi da safe ya ce yau zai zama mashayi. A hankali abin yake shigowa.

A ɗauki misalin ɗan ƙwadago. An yanka masa gona, ana so ya gama kafin la'asar. Sai abokinsa ya ba shi ƙwayar tiramol guda ɗaya, ya ce ya sha ba zai ji gajiya ba. Ya sha, ya yi aikin mutum biyu, ya sami kuɗi. Washegari ya sake sha. Kafin a gama maimai, ɗaya ba ta isarsa, sai biyu. Kafin kaka, ba don aiki yake sha ba. Yana sha ne don idan bai sha ba jikinsa ciwo yake yi, hanci na yoyo, zufa na karyo masa, barci ya ƙi zuwa. A nan ne ake cewa ƙwaya ta kama shi.

Tiramol magani ne na asibiti, ana ba mai ciwo mai tsanani bisa umurnin likita. Wanda hukuma ta yarda da shi mai lamba 50 ne ko 100. Wanda ake sayarwa a ɓoye yakan kai 200 ko 225. Yawan shansa yana kawo farfaɗiya, yana kuma iya tsayar da numfashi.

Ban da tiramol, akwai maganin tari mai kodin, da tabar wiwi, da sholisho, da rochi da sauran ƙwayoyin sa barci, da zaƙami, da giya irin su burukutu da ogogoro. Wasu sukan haɗa biyu ko uku a lokaci ɗaya, wannan kuwa ya fi kowanne haɗari.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi sun yi bincike a duk faɗin Nijeriya. An fitar da sakamakon a watan Janairun 2019. An gano cewa mutum miliyan 14 da dubu 300, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani kayan maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba sigari. Wajen miliyan 3 daga cikinsu a jihohin Arewa maso Yamma suke, inda Jihar Katsina take. A cikin kowane mutum 4 masu sha, 1 mace ce. A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma har yanzu hukumar NDLEA tana kama shi a hannun masu fasa-ƙwauri.

INA HAƊIN ƘWAYA DA KASHE KAI?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 720,000 ke kashe kansu a duniya kowace shekara. Mafi yawansu a ƙasashe masu tasowa suke. Matasa 'yan shekara 15 zuwa 29 suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

A shekarar 2004 wasu masana sun tattara bincike daga ƙasashe da dama suka duba. Sun gano cewa wanda giya ta kama, haɗarin ya kashe kansa ya ninka na sauran mutane kusan sau 10. Wanda ƙwayoyi dangin kodin suka kama kuwa, nasa haɗarin ya wuce haka.

Me ya sa? Ga dalilai guda huɗu.

Na farko, ƙwaya tana dagula zuciya. Daɗin da take bayarwa na ɗan lokaci ne. Idan ta sake shi, sai baƙin ciki ya rufe mutum fiye da yadda yake kafin ya sha. Bayan watanni, babu abin da ke faranta masa rai sai ita. Likitoci suna kiran wannan hali ciwon damuwa. Ciwo ne sosai, kamar hawan jini ko ciwon suga, kuma yana da magani.

Na biyu, maye yana ɗauke tunani. Mutum mai hankali idan mugun tunani ya zo masa, yakan tuna Allah, ya tuna uwarsa da 'ya'yansa, ya yi ta'awwuzi ya kwanta. Wanda yake cikin maye ba shi da wannan linzami. Abin da ya zo masa a rai, shi zai aikata nan take.

Na uku, ƙwaya tana raba mutum da duk abin da ke riƙe da shi a duniya. Kuɗin ƙwadago sun tafi wajen mai ƙwaya. Ya ci bashin da zai biya da kaka, kaka ta zo babu abin biya. Ya sayar da buhun taki, ya sayar da akuyar uwarsa, ya jinginar da babur. Iyayen yarinyar da yake nema sun mayar masa da kayansa. Idan mai aure ne, matar ta yi yaji. A unguwa ba a kiransa da sunansa, sai ɗan ƙwaya. Kunya da bashi da kaɗaici idan suka haɗu a kan mutum ɗaya, sai ya fara ganin rayuwarsa ba ta da amfani.

Na huɗu, wani tun farko damuwa ce ta kai shi ga shan. An sace masa ɗan'uwa, ko an sayar da gona an biya kuɗin fansa, ko 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu ya dawo gari ba sana'a. Mutanen Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara sun ga irin wannan a shekarun baya-bayan nan. Wani ba ya iya barci saboda abin da idonsa ya gani, sai ya nemi ƙwayar barci. Ƙwayar ba ta cire damuwar, sai dai ta ƙara wata a kanta.

Mata ma suna ciki, sai dai nasu a ɓoye yake. Matar aure da ke fama da kishi, ko duka, ko auren da ba ta so, ko rashin barci bayan haihuwa, wata ƙawa za ta iya kawo mata kwalba har ɗaki. Tana iya shekara tana sha ba wanda ya sani.

LOKUTAN DA HAƊARI YA FI YAWA

Akwai lokutan da ya kamata a fi sa ido a kan mai shan ƙwaya.

1. Lokacin da ya daina sha, musamman makonnin farko. Jiki yana ciwo, rai yana ɓace.
2. Lokacin da ya koma sha bayan ya yi alkawarin dainawa. Kunya takan yi masa yawa.
3. Ranar da aka tona masa asiri a bainar jama'a, ko aka kore shi daga gida.
4. Bayan mutuwar aure, ko fasa baiko, ko rasuwar wani nasa.
5. Bayan kaka, idan masu bashi suka taso, amfanin gona kuwa bai kai ba.
6. Lokacin da ya fito daga gidan yari ko wurin da aka tsare shi.

Wanda ya taɓa yunƙurin kashe kansa sau ɗaya, shi ya fi kowa bukatar kulawa, don yana iya sakewa.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

Sau da yawa mutum yakan nuna alama kafin ya aikata. Yakan ce ya gaji da duniya, ko gara mutuwa da wannan rayuwa, ko kun kusa hutawa da ni. Yakan daina zuwa majalisa da masallaci, ya kulle kansa a ɗaki. Yakan daina cin abinci da wanka. Yakan ƙara yawan abin da yake sha. Yakan raba kayansa, ya bi mutane yana neman gafara ba tare da dalilin tafiya ba. Wani kuma bayan dogon baƙin ciki sai a ga ya natsu farat ɗaya. Wannan natsuwa ba koyaushe take nufin sauƙi ba.

Kada a ce maye ne kawai ke sa shi surutu. Kada a ce mai faɗi ba ya aikatawa. Da yawa daga cikin waɗanda suka aikata, sun faɗa wa wani tun da farko, ba a ɗauka da gaske ba.

ABIN DA GIDA ZAI YI

Abu na farko, a tambaye shi. Mutane suna tsoron cewa tambaya za ta sa masa tunanin a rai. Masana sun bincika, sun ga ba haka ba ne. Tambaya tana sauke masa nauyi, don ya ga akwai wanda ya damu da shi.

A al'ada akwai kunya tsakanin uba da ɗa, balle ɗan fari. Saboda haka a nemi wanda yaron yake sakin jiki da shi. Kawu ne, ko goggo, ko kaka, ko yaya, ko aminin da suka tashi tare. A kira shi gefe, inda babu kowa, lokacin da ba ya cikin maye. Kawu zai iya cewa, “Ɗana, na ga kwanan nan ba ka da walwala. Gaya mini gaskiya, ba zan yi maka faɗa ba. Tunanin kashe kanka yana zo maka?” Sai a yi shiru a saurare shi. Kada a katse shi da wa'azi. Kada a yi masa dariya. Kada kuma a kai maganarsa majalisa.

Abu na biyu, idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai. A sami wanda zai kwana ɗaki ɗaya da shi. 'Yan'uwa su riƙa karɓar juna. Mugun tunanin nan yakan taso da ƙarfi na ɗan lokaci, sannan ya lafa. Idan mutum ya tsallake wannan sa'a, sau da yawa ya tsira. Mafi yawan waɗanda aka ceto suna ci gaba da rayuwarsu har tsufa.

Abu na uku, a kulle maganin feshi. Wannan magana ta fi shafar manoma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin kowane mutum 5 da suka kashe kansu a duniya, kusan 1 da maganin gona ne, kuma mafi yawa a karkara. Yau da wuya a shiga gidan manomi a ƙasar Funtuwa ko Malumfashi ba a ga maganin ciyawa ko na ƙwari ba. Wani a ƙarƙashin gado yake ajiyewa, wani a zaure, wani a kan katanga. Gida mai mashayi, da guba a inda hannu zai kai, gida ne mai haɗari.

Ga abin da ya faru a Siri Lanka, wata ƙasar manoma da ke kusa da Indiya. A wajen 1995 tana cikin ƙasashen da mutane suka fi kashe kansu a duniya. Gwamnatinsu ta bi magungunan gona mafi guba tana hana sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Daga 1995 zuwa 2015 yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100. An ƙiyasta cewa an ceci rai 93,000. Amfanin gonarsu kuwa bai ragu ba saboda haka. A nan Nijeriya ma, a shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana tallar wasu magungunan ƙwari masu ƙarfi a ƙananan kwalabe a kasuwanni, saboda irin wannan dalili.

Manomi ba sai ya jira gwamnati ba. Ya sami akwati ko sito ya sa kwaɗo, mabuɗi ya zauna a hannun mutum ɗaya mai hankali. Ya sayi daidai abin da zai fesa, kada ya tara. Kada a juye magani a gorar ruwa ko kwalbar lemo. Idan akwai mai damuwa a gida, a kwashe maganin gaba ɗaya a kai ajiya gidan wani amintacce. Haka za a yi da tarin magungunan asibiti da bindigar farauta.

Abu na huɗu, a kai shi asibiti. A fara da asibitin da ke kusa, ko Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi. A gaya wa likita gaskiya, abin da yake sha, da yawansa, da maganar da ya faɗa. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi gaba. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da na Dawanau a Kano, da kuma asibitocin birnin Katsina. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin mutum mahaukaci ne. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ba kame kaɗai take yi ba. Tana da masu ba da shawara, tana kuma da lambar waya ta kyauta, 0800 1020 3040.

A lura da wannan. Wanda ya daɗe yana shan giya ko ƙwayar barci, idan ya daina farat ɗaya yana iya kamuwa da farfaɗiya da gigita, har a rasa shi. Likita ne zai nuna yadda za a rage a hankali. Haka kuma wanda ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya daina sabo. Idan ya koma ya sha yawan da yake sha a da, yana iya mutuwa.

ABIN DA BA ZA A YI BA

Kada a kore shi daga gida. Kada uwa ko uba su yi masa baki. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da aka kora ba inda zai nufa sai wurin waɗanda suka koya masa.

Kada a ɗaure shi da mari, kada a yi masa duka. A shekarar 2019 'yan sanda sun shiga wasu gidajen mari a Rigasa ta Kaduna, da Daura, da Katsina, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Iyaye da yawa da kyakkyawar niyya suka kai 'ya'yansu. Amma sarƙa ba ta warkar da ciwon da ke cikin zuciya. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta ce a kula da masu irin wannan ciwo cikin mutunci.

Jan hannunsa a jiki ba ya nufin a ba shi kuɗin ƙwaya. A ba shi abinci da wurin kwana, a tafi da shi gona, a sa shi a harkar gida. Kuɗi kuwa a riƙe masa.

IDAN ABIN YA RIGA YA FARU

Idan aka sami mutum ya sha guba ko ƙwaya mai yawa, a garzaya da shi asibiti nan take, ko da yana magana, ko da ya ce ya ji sauƙi. Wata gubar sai bayan sa'o'i take nuna kanta. Kada a sa shi amai. Kada a ɗura masa manja, ko madara, ko ruwan gishiri, don suna iya shiga huhu. Idan magani ya zuba a rigarsa, a cire ta a wanke jikin da ruwa da sabulu. Idan ya suma, a kwantar da shi a gefe ɗaya. Idan yana farfaɗiya, kada a cusa masa cokali a baki. A tafi da kwalbar ko fakitin abin da ya sha, likita ya gani.

Bayan ya dawo gida, kada a yi masa gori. Makonnin farko bayan sallama suna da haɗari, saboda haka a ci gaba da zama da shi, a kuma mayar da shi ganin likita a ranar da aka ce.

AIKIN JAMA'AR GARI

Ɗa na kowa ne. Mai gona ya daina saya wa 'yan ƙwadago ƙwaya don su gama masa aiki da wuri, ya ba su abinci da ruwa da hutu. Mai kemis ya ji tsoron Allah, kada ya sayar da tiramol ko ƙwayar barci ba takardar likita. Mai sayar da maganin feshi ya lura, kada ya sayar wa yaro, ko wanda yake cikin maye, ko wanda ya zo a birkice. Mai unguwa da dagaci su kai rahoton dillalan ƙwaya ga hukuma.

Musulunci ya haramta maye, ya haramta mutum ya kashe kansa. Addinin Kirista ma ya hana. Limamai da fastoci suna faɗar haka, kuma gaskiya ne. Ana roƙonsu su ƙara da cewa ƙofar tuba a buɗe take, neman magani kuma ba rashin tawakkali ba ne. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Gidan da aka yi irin wannan rashi, a je musu gaisuwa, kada a ƙaurace musu, don su ma suna cikin damuwa mai tsanani.

Ranar 26 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da shan miyagun ƙwayoyi ta duniya. Ranar 10 ga Satumba kuma ranar rigakafin kashe kai ce. Malaman aji da ƙungiyoyin manoma da na mata za su iya gayyato ma'aikacin lafiya a waɗannan ranaku ya yi wa jama'a bayani.

Ga wanda yake sauraron wannan lacca alhali shi ne ƙwaya ta kama, ko shi ne mugun tunani yake damu, ya sani mutane da yawa sun shiga wannan hali sun fita. Sun koma gona, sun yi aure, sun haifi 'ya'ya. Kada ya bari dare ya yi bai gaya wa wani ba. Ya nemi mutum ɗaya da ya yarda da shi, ya ce masa a raka shi asibiti.

Kowane magidanci kuma idan ya koma gida yau, ya duba inda ya ajiye maganin feshi, ya sa masa kwaɗo. Sannan ya tuna ko akwai wani yaro ko wata mace a gidan da aka daɗe ba a tambayi lafiyarsu ba, ya tura wanda ya dace ya zauna da su.

Allah ya shirya zuri'a, ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba da damina mai albarka. Amin.